Likitan Da Umma Ta Zaɓa

Tun kafin Auta ta ajiye jakarta allon kwamfutar ya riga ya cika. Ta zauna, ta zare takalmi a ƙarƙashin tebur, ta maƙala abin sauraro a kunne, ta shiga bin kiraye-kirayen marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho numfashinsa na sarƙewa, wata mai jego na fama da zazzaɓi, wani kuma, Allah Ya shirye shi, ciwon kai ne kawai don ya kwana kallo, amma yana son likita ya same shi har kan gado.

Aikinta ke nan a ɗakin karɓar kira na asibiti. Mara lafiya zai danna manhaja a wayarsa daga gida, manhajar ta nemo likitan da ke da gurbi a yankin, likita ya amsa, ita kuma ta tabbatar, sannan ta kira mara lafiya ta ce masa ga likita nan tafe. Sai ta tabbatar ɗin nan likita ke tada mota. An kawo tsarin ne don a rage cunkoson barandar asibiti, inda a da mutum zai zo da ƙafarsa ya zauna a benci tun safe, wani sai dai a fitar da shi a kwance.

Yayan Auta na cikin waɗanda aka fitar a kwance, kuma a nan gizo ke saƙa.

Ranar da abin ya faru, Yaya na kan benci ya dafe ƙirji, Umma na gefensa tana roƙon duk wanda ya gifta da farar riga. Likita ɗaya ne tal a ɗakin gaggawa, wani dogo mara yawan magana. Ya leƙo, ya riƙe hannun Yaya, ya ce yana zuwa, don a daidai lokacin aka shigo da wata mata jini na zuba. Kafin ya dawo mai afkuwa ta afku.

To, duk mazan duniyar nan, wannan likitan zuciyar Auta ta kama. Ni dai ban ga laifinta ba, don ba ta san shi ne ba sai da tafiya ta yi nisa. Shi da bakinsa ya faɗa mata, ranar da ta ba shi labarin Yaya. Ya ce tun daga wannan rana bai ƙara iya kallon bencin nan ba, shi ya sa da aka buɗe aikin zuwa gida ya fara ba da kansa, ya bar ofis mai sanyi ya koma yawo cikin rana.

Ta yi kukanta, ta yafe masa. Umma ce ba ta yafe ba.

"Ban ce dole ki auri wanda nake so ba, ke ba yarinya ba ce," in ji Umma ranar da aka kai mata maganar. "Amma wannan kam, sai dai bayan raina."

Ba ta tsaya nan ba. Ta miƙa wa Auta wayarta ta ce ta toshe sunansa a manhajar, kada ko da kuskure a turo mata shi. Auta ta toshe da hannunta, tana ji tana gani.

Wanda Umma ke so kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mai Kemis ne na bakin layinsu, tuzuru mai ɗan tumbi da turare mai hawa kai. In gaskiya za a bi ba shi da wata makusa, sai dai gaisuwarsa ta fi ƙarfin mai sauri. Shi ke kawo wa Umma maganin suga har ɗaki, ya zauna a tabarma yana "Ummanmu, Ummanmu," idonsa na kan labule ko Auta za ta gifta. Tun rasuwar Baba da ta Yaya gidan ba namiji, ya kuma san haka, ya shige da ƙafar dama.

Haka aka yi ta ja, Likita na jira, Mai Kemis na jira, Auta na tsakiya tana ramewa. Sai ga ƙafar Umma ta shigo cikin maganar.

Ɗan ciwo ne ya fito mata a ƙasan babban yatsa, irin na masu suga, ya ƙi warkewa. Tsohuwar likitar da ke zuwa duba ta ta ajiye aiki ta koma wurin 'ya'yanta. Sauran likitocin yankin kowa marasa lafiya sun masa yawa, kullum Auta ta gwada sai manhaja ta ce babu gurbi. Mutum ɗaya ne ke da gurbi, shi ne kuma aka toshe. Asibiti kuwa Umma ta rantse ba za ta ƙara taka barandar nan ba ko da ƙafar za ta ruɓe. Mai Kemis ke zuwa ya shafa mata wani mai ya naɗe da bandeji, ciwon na ta ci ta ciki, har ɗakin ya fara wari.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta ja Auta kicin ta ba ta shawara. Ta ce ai wannan dama ce Allah Ya kawo. A lallaɓa Umma ta bar Likita ya zo sau ɗaya kawai, don mutum ba ya iya zagin hannun da ya wanke masa ciwo. In ta ga ladabinsa da idonta, zuciyarta za ta yi sanyi.

Auta ta roƙa, Umma ta ƙi. Ta durƙusa ta roƙa, Umma ta juya wa bango fuska. Sai wata rana da yamma, bayan Mai Kemis ya daɗe a ɗaki suna magana ƙasa-ƙasa, Umma ta ƙwala mata kira ta miƙo waya.

"Buɗe wa likitan nan. Ya zo."

Murna ta hana Auta tambayar dalili. Allah sarki, wanda ya daɗe da ƙishi ba ya tsayawa duba ruwa.

Washegari da hantsi Likita ya iso. Auta ta ɗauki hutu don ta tsaya a gida, ta share ɗaki ta sake sharewa, ta canja zanin gado. Ya yi sallama, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya sunkuya ya shigo don tsayinsa ya fi ƙofar. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Umma, ta amsa a daƙile ba tare da ta dube shi ba.

Ya buɗe jaka, ya sa safar hannu, ya ɗora ƙafar a kan cinyarsa bisa tawul, ya warware bandejin Mai Kemis a hankali. Warin da ya taso har Gwaggo sai da ta kau da kai, shi ko gezau. Ya wanke, ya yanke naman da ya mutu, ya sake wankewa, duk inda Umma ta cije leɓe sai ya dakata ya ce ta yi haƙuri. Ya gwada sugarta, ya canja mata magani, ya nuna wa Auta yadda za a riƙa ɗaga ƙafar a kan matashi.

Da zai tashi ne Umma ta dube shi, karon farko tun ranar benci. Ta tambaye shi ko ƙafar za ta tsira. Ya ce in ana wankewa a kai a kai, kuma hannu ɗaya ne ke bibiyarta, yana sa rai da yardar Allah. Ta gyaɗa kai ta ce to, ta ji.

Gwaggo har da ɗan taka rawa a kicin bayan tafiyarsa. Auta kuwa ranar ta ci abinci ta ƙoshi, abin da ta manta rabonta da yi.

Da safe ta koma aiki. Tana zama, tana ɗaga ido, ta ga layi ɗaya mai launin rawaya a saman allo, da lambar gidansu. Ta ɗauka jikin Umma ne ya tashi. Ta buɗe.

Ba kiran gaggawa ba ne. Umma ce ta zaɓi Likita ya zama likitanta na dindindin.

Auta ta zauna kamar an dasa ta. Babu wanda ya kai ta sanin abin da wannan ke nufi, don ita ke karanta wa sababbin likitoci dokar in sun fara aiki. Zuwa ɗaya ba komai ba ne. Amma in mara lafiya ya zaɓi likita na dindindin, likitan ya amsa, to babu aure, babu neman aure tsakaninsa da mara lafiyar ko 'ya'yansa muddin yana duba shi. Wanda ya karya, izinin aikinsa ya tafi. In kuma likitan ya ƙi amsawa, manhaja ta raba su ke nan, ba za ta sake haɗa su ba, sai ta mayar da mara lafiya layin asibiti. Kuma dole ya ba da amsa kafin a tashi aiki.

Ciwon suga kuwa ba baƙo ba ne da zai kwana biyu ya ɗau jakarsa.

Anti, shugabar ɗakin, ta leƙo ta bayanta ta karanta. Ta san labarin tun farkonsa, don haka sai ta dafa kafaɗarta ta ce ta je gida ta dawo, ita za ta riƙe mata tebur.

Ta tarar da Umma a kishingiɗe, ƙafar na kan matashi yadda aka ce. Auta ta zube a gaban gado ko mayafi ba ta cire ba.

"Umma, kin san abin da kika danna?"

"Na sani. An karanta mini dokar, an kuma yi mini bayani."

Ba sai an faɗi wanda ya karanta ba, ƙamshin turarensa bai gama barin ɗakin ba. Auta ta fashe da kuka, ta ce ashe tarko aka ɗana, ita kuma ta kawo Likita da hannunta ta jefa shi a ciki. Ta ce me ta yi wa Umma da zafi haka, ita da ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, ita da ta ƙi zuwa karatu nesa don kada ta bar ta ita kaɗai.

Umma ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta yi magana a hankali.

"Ranar nan ya ce mini yana zuwa. Kan ɗana na kan cinyata ina kallon ƙofa, ina jiran zuwansa. To yau na sake kira. In ya amsa, na yafe masa har ga Allah, likitana ne, zan sa masa albarka duk ranar da ya shigo. In ya ƙi don yana son ki, kin ga ke nan da idonki, karo na biyu ya bar mara lafiyar gidan nan."

"Ranar ba son ransa ya bi ba, Umma. Mace ce ke zubar da jini, ita ma 'yar wasu ce."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Na daɗe da sani, Auta. Ba mahaukaciya ba ce ni."

Sai a lokacin Auta ta ga idon Umma ya cika. Tsohuwar ta kai gefen zani ta goge, wasu suka sake zubowa.

"Jiya da ya riƙe ƙafata na ga mutumin kirki ne. Wallahi na gani. Na iya miƙa masa ƙafata, ko yanka zai yi na iya. Abin da ba zan iya ba shi ne a miƙo mini jika in buɗe zani in ga fuskarsa. Na gwada a raina, na kasa. Ki yafe mini, na kasa."

Da faɗa Umma ta yi, da Auta ta samu abin kamawa. Amma me za ka ce wa uwar da ke kuka tana neman gafararka? Ta kifa kai a bakin gado, suka yi kukansu tare, kowa da nata. Da ta roƙe ta ta janye zaɓin, a bar shi yana zuwa kawai a matsayin ɗa, Umma ta girgiza kai. Ta ce ƙofa ɗaya ce zai shigo gidan nan ta cikinta, ita ce wadda ta buɗe masa, in ba ita ba to a bar ta da ƙafarta, Allah na nan.

A bayan asibiti ta sami Likita, wurin ajiye motoci, rana ta take. Ya kifa kai a kan sitiyari, wayar aiki na kan kujerar gefe, layin nan rawaya na haske a fuskarta. Ta buɗe ƙofa ta ɗauke wayar ta zauna. Ya ɗago, idonsa jajur, da gani ya riga ya karanta.

Ta roƙe shi ya ƙi amsawa. Ta ce ita za ta san yadda za ta yi, ko da ɗaukar Umma za a yi cak a kai ta asibiti, ko ta bi likitocin nan ɗaya bayan ɗaya tana roƙo har wani ya matsa mata gurbi. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce ta fi shi sanin babu gurbi, ita ke kallon allon kullum. Ya ce Umma ba za ta taka barandar nan ba, su biyun sun san haka. Ya ce ya ga cikin ciwon jiya, saura kaɗan ya kai ƙashi, in ya kai kuma ba maganar wankewa ake yi ba.

"To ni fa?" ta ce.

Ya mayar da idonsa kan sitiyari.

"Likita, da kai nake. Ni fa?"

"Na taɓa ce mata ina zuwa, ban zo ba."

"Ka zo. Ka makara ne, kuma ba laifinka ba ne. Sau nawa zan faɗa maka?"

"A wurinki ba laifina ba ne. Ni kullum na rufe ido sai na ga bencin nan."

Ta dube shi. Ta ce ashe shi ma wanke kansa yake son yi, ita ce sabulun. Umma na so ta huce da ita, shi yana so ya wanke da ita, Mai Kemis na gefe yana jiran abin da ya rage. Babu wanda ya tambaye ta ko ita me take so.

Bai musa ba. Ya ce wataƙila gaskiyarta ce. Ya ce yana son ta, Allah ne shaidarsa, tun da yake bai taɓa son wani abu don kansa ba sai ita. Ya ce ta ƙara haƙuri, ai ana maganar za a ɗauki ƙarin likitoci, in aka samu wani sai ya miƙa masa Umma.

Auta ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. Tun ranar da ta fara aikin nan take jin za a ɗauki ƙarin likitoci. Kuma ko an ɗauka, mara lafiya ne kaɗai ke da ikon canja likitansa, Umma kuwa ba ta kama shi don ta saki ba.

"Na gaji," ta ce. "Ba fushi nake yi ba. Gajiya ce kawai. Na gaji da jira, na gaji da roƙo, ko kukan ma na gaji da shi."

"In na ƙi, aka yanke ƙafar nan, za ki iya zama da ni?"

Ta ajiye masa wayarsa a kan cinya, ta buɗe ƙofa ta fita. Bai kira ta ba, ita ma ba ta waiwaya ba.

Ta koma teburinta ta ci gaba da aiki, don marasa lafiya ba ruwansu da wanda zuciyarsa ta karye. Ta tura likita wurin wani yaro mai amai, ta ba wata tsohuwa haƙuri kan jinkiri, ta sha zagin wani mutum da ya ce tsarin nasu duk ƙarya ne. Duk abin da take yi, gefen idonta na kan layin nan na sama. Wani sashe na ranta na addu'ar ya ƙi, wani na addu'ar ya amsa, ta rasa wanne za ta ce wa amin.

Rana ta yi sanyi, ma'aikata sun fara haɗa jakunkuna, sai layin ya juye kore.

Ya amsa.

Saura tabbatarwa. Akwatin ya buɗe a gabanta yana jira. In ba ta danna ba har aka tashi, zaɓin zai faɗi da kansa, a ce matsala ce daga ofis, ba wanda zai ɗora wa Likita laifi. Ta san haka. Anti ma ta san haka, ta matso ta tsaya a gefenta, ta ce a hankali in ba za ta iya ba ta tashi ita ta danna mata.

Auta ta girgiza kai. Ta ce uwarta ce.

Ta ɗora hannu, ta danna. A taswirar da ke gefen allo ɗigon motarsa ya motsa, ya fita daga harabar asibiti, ya karya kwana ya nufi layinsu.

Sauran aiki ɗaya. Ta gyara abin sauraro, ta share fuska da bayan hannu, ta buga lambar mara lafiya kamar yadda ƙa'ida ta ce. Bugu ɗaya aka ɗauka, da alama wayar na hannu tun ɗazu.

"Daga asibiti ne," in ji Auta da muryar aiki. "An tabbatar da zaɓinki. Likitanki na hanya, a buɗe masa ƙofa."

Tana jin numfashin Umma ta cikin wayar.

"Auta," in ji Umma. "Allah Ya yi miki albarka."

Tun tana ƙarama ba a taɓa sa mata albarkar nan ta bar ta ta faɗi ƙasa ba. Ta buɗe baki ta ce amin, ya ƙi fitowa. Umma na can tana jira, tana kiran sunanta a hankali, ita kuma abin sauraro na kunnenta, ta kasa amsawa, ta kasa kashewa.